Farin da Ya Rage a Awarwaron Iya

Rannan ina jin ɗayanku yana cewa ai ƙirar fari ba wani aiki ba ne, narkawa ce kawai a zuba a rami a jira ta huce. Ban tanka ba, don a lokacin akwai ƙarfe a wuta, kuma ƙarfe ba ya jiran mutum ya gama gardama. Yau da babu aiki a gabana, ku matso in ba ku labarin wasu awarwaro biyar da na taɓa yi, sai ku nuna mini inda narkawa da zubawa suka shigo cikinsa.

A wannan zauren na Ƙofar 'Yandaka na buɗe ido na ga mahaifina, Malam Idi, yana ƙira. Mu maƙeran fari ne. Fartanya da gatari na maƙeran baƙi ne, mu namu tagulla da azurfa, kayan adon mata. Na daɗe a kan zuga-zugi har kafaɗuna suka saba, sannan aka ba ni magagari in riƙa gyara bakin abin da Baba ya ƙera. Guduma kuwa sai da na fara gemu ya yarda na ɗauka. Kafin nan yakan sa in rufe ido, ya saki guntun ƙarfe a kan uwar maƙera, ya ce in faɗa masa abin da ke cikinsa. In na ce tagulla ce, sai ya ce ai ko makaho ya san wannan, wace iri? Akwai wadda aka cika wa dalma, irin ta kan famfo, tana faɗuwa za ka ji ƙwas, kamar an yar da ƙwallon goruba. Ita wannan ta narkawa ce, in ka matsa mata da guduma sai ta tsage. Akwai kuma mai tsabta, wadda in ta faɗi sai muryarta ta yi ta tafiya har ka gaji da saurare. Wanda kunnensa bai raba waɗannan biyun ba, ya koma zuga-zugi.

Kayan aikinmu ba su da yawa, ga su nan kuna gani: uwar maƙera, guduma babba da ƙanana, awartaki, kurfi, sai ƙananan ƙarafan da muke buga zane da su. Waɗannan ƙarafan zanen, a da cikin wani ƙaton kwanson harsashin igwa muke zuba su. Wani tsohon soja da ya dawo daga yaƙin Bama ne ya kawo wa Baba shi tun ina goye. Tsayinsa ya kai kamu guda, ya yi baƙi ƙirin don tsufa, ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai sai mazubi.

Masu sayenmu a wancan lokaci matan Fulani ne da iyayen amare. Bafulatana za ta ajiye ƙwaryar nononta a bakin ƙofa, ta ɗauki munduwa ta auna nauyinta a tafin hannu, ta ajiye, ta tafi, ta dawo, ta sake aunawa kamar a bayanta munduwar ta rame. Ba ma fushi, don in ta saya ta saya ke nan, kuma za ta turo 'yan'uwanta. Iyayen amare kuwa haske suke so. A nan ne al'adar gidanmu ta shigo. Baba yana da wani haɗi da ya gada, ruwan azurfa, a cikin 'yar tukunya. In an yi wa mutumin kirki aiki na tagulla, sai a wanke masa da shi, ya fito fari tas kamar azurfa, ba a ƙara masa ko kwabo. Gyara ce, kamar yadda mai gero ke ƙara maka ɗan tafi a kan mudu. A garin nan tagulla tsirara adon marar hali ce, saboda haka wanda aka wanke wa kayansa ya san an girmama shi.

Mugunyar shekararmu ba ta yunwa ba ce, ta wadata ce, abin da ya sa ta fi ciwo ke nan. Shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki ce. Kuɗi sun shigo ƙasa, jirgi yana ta kwasar mutane zuwa Makka, kowace Hajiya ta dawo da awarwaron zinariya a hannu. Waɗanda ba su je ba suka koma kanti suna sayen na goran ruwa masu ƙyalli da araha. Sai mu wuni wuta ba ta ga ƙarfe ba. Abokan sana'ata suka watse, wani ya koma tuƙin tasi, wani ya zama masinja a ofis. Ni ma har na je na yi magana da wani mai walda a kan ya koya mini. Baba a lokacin idonsa ya fara rauni, yana zaune a wancan lungun kan buzunsa, yana jin komai.

Cikin wannan hali ne wata safiya da damina Iya Mai Tasa ta yi sallama. Bayarabiya ce, tana sayar da kwanuka da tasoshi a kasuwa, tana zaune wajen Ƙofar Guga tun kafin in yi aure. Kusan duk kwanon da ke ɗakin matata daga hannunta ya fito. Tana da ɗiya guda, Ronke, wadda aka haifa a nan, Katsinancinta ya fi nawa. An aurar da ita ga wani tela ɗan garinsu, shekaru sun tura, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Kowa a unguwa ya san wannan, kowa kuma ya san yarinyar ta daina zuwa suna.

Iya ta gaida Baba, ta tambayi jiki da iyali da ruwan sama, sannan ta zauna a kan turmi da ƙyar, ta kwance bakin zanenta ta fito da wani tsohon awarwaro siriri da ya karye biyu.

"Malam Garba, irin wanga nike so, guda biyar. Tagulla zalla, mai launin zuma. Kuma su yi magana."

Na ce, "Iya, su yi magana kamar yaya?"

Ta ɗaga guntayen biyu ta gwara su, suka yi wata 'yar ƙara mai daɗi. "Na uwata ne. A garinmu Oshogbo akwai kogi, sunanshi Oshun. Mu a wurinmu mace ce, uwa ce. Mai neman haihuwa wurinta take zuwa, mai son zaman aure ya yi daɗi ma haka. Tagulla ce ƙarfenta, biyar ce ƙidayarta, kuma da ƙarar awarwaro take sanin ɗiyarta ta iso bakin ruwa. Uwata sai da ta je kafin ta same ni. Sau ɗaya ake bikinta a shekara, cikin damina. Bana zan kai Ronke."

Ta janye zane ta nuna mini ƙafafunta, sun kumbura har idon sawu ya ɓace. "Ka gan su. Ba su da wata tafiyar bayan wannan. In ban kai ta bana ba, ba mai kai ta."

Na san Iya tana salla, na sha ganin ta a filin idi, amma ga abin da ta zo da shi. Na ce ta ba ni zuwa gobe. Bayan ta fita na juya wurin Baba, na ce ya ji dai.

Ya ce, "Gunki ta ce ka ƙera mata?"

Na ce a'a, awarwaro.

"To awarwaro nawa muka yi ma matan garin nan? Ka taɓa bin wata ka ga inda ta kai nata? Haihuwa ta Allah ce, mu mun sani, ba mu da shakka. Ita kau uwa ce, ɗiyarta na kuka. Yi mata aikinta, ka yi shi da kyau, in ka yi salla ka roƙa ma yarinyar Allah."

Karɓar aikin bai kai neman ƙarfen wuya ba. Duk tagullar da ke cikin buhuna ta kan famfo ce da tsofaffin makullai. Na gwada ɗaya, na buga, ta tsage. Na gwada wata, ta miƙe amma ba murya. Na zaga kasuwa wurin masu tsofaffin ƙarafa, duk kanwar ja ce. Ina zaune na yi tagumi sai Baba ya ce in zazzage ƙarafan zane in miƙo masa mazubin. Ya rataye kwanson a yatsa, ya ƙwanƙwasa shi da awartaki. Wallahi sai da muryar ta cika zauren nan ta fita waje. Shekara da shekaru muna zaune da shi, ban taɓa tunanin in saurare shi ba.

Ya ce, "Yanka shi. An yi shi don kashe mutane, bari mu gani ko ya iya wani aikin."

To ku masu cewa narkawa ce, ku saurara. Ban narka komai ba. Da kurfi na tsaga kwanson, na fitar da tsiri biyar, dogaye sirara. Tagulla in kana bugun ta tana ƙara tauri, in ka wuce iyaka ta fashe, don haka sai ka mai da ita wuta ta yi ja kaɗan, ka tsoma a ruwa ta yi laushi, ka ci gaba. Ka buga, ka gasa, ka tsoma, haka har tsirin ya zama kamar tsinken tsintsiya mai kauri. Amma ga inda aikin yake: laushi ba ya magana. Bugun ƙarshe, bayan ka lanƙwasa shi, dole ya zama a sanyi, da ƙaramar guduma, a hankali, har ƙarfen ya ɗaure. A nan muryar take shiga. Daga nan kuma ya yi sallama da wuta, in ya sake shiga, muryar ta mutu. Na buga musu zane siriri mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa, don Iya ta ce haka na uwarta yake kafin ya goge. Duk wanda na gama sai in miƙa wa Baba ya saurara. Biyu ya dawo mini da su ya ce ba su gama koyon magana ba. Da aka kammala na zura su a hannu na girgiza, matata ta leƙo daga cikin gida tana tambaya wace baƙuwa muka yi.

Ranar da na gama ta zo daidai da jajibirin zaɓen shugaban ƙasa. Washegari na tafi jefa ƙuri'a, na bar su a gaban Baba. Layi ya yi tsawo, ga mu ba mu saba ba, kowa yana tambayar na gabansa inda ake dangwalawa. Sai bayan la'asar na dawo. Na tarar da Baba yana murmushi, 'yar tukunyarsa a gefe, awarwaro biyar a shanye kan tsumma, farare tas suna ɗaukar ido. Ya lallaɓa da hannu, da ɗan ganin da ya rage masa, ya wanke su da ruwan azurfa.

Ya ce, "Matar nan ta daɗe tana mutunci da gidan nan. Ba ta tafiya garinsu da tagulla tsirara a ce daga hannunmu ta fito."

Ni ma da na duba sai na ga sun yi kyau ƙwarai. Na ce Allah ya saka, na naɗe su.

Iya ta zo ɗauka da hantsi ranar tafiyarsu, ita da Ronke. 'Yan garinsu sun yi shatar mota, za ta tashi bayan azahar. Na miƙa mata ƙunshin ina jiran yabo. Ta buɗe. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai kawai ta nemi turmin nan ta zauna, ta ɗora su a cinya tana kallo.

"Malam Garba, ina tagullar?"

Na ce tana ciki, wanki ne aka yi musu na girmamawa.

Ta girgiza kai. "Farin ƙarfe ba na Oshun ba ne. Na wani ne daban a cikin namu. In na kai mata wanga, kamar na je gidan mutum da kayan maƙwabcinshi ne. Ba ni iya shiga ruwa da su."

Ronke ta juya fuska bango. Ba ta yi sauti ba, amma kafaɗunta suna rawa. Na ji tausayinta har cikin raina, na kuma ji kunyar da ban taɓa ji ba a bakin wutar nan.

Baba ya ce daga lungunsa, "Iya, ni na yi. Na ɗauka alheri nike maki. Ashe ɓarna na yi."

Ta ce, "Na sani, Baba. Na san abin da kake nufi." Ta ci gaba da kallon cinyarta.

Ku faɗa mini, ku masana, yaya za a yi? Sabbi ba su yiwuwa kafin azahar. In na sa su a wuta farin zai tashi, amma muryar ta tafi. In na bi su da magagari, sirara ne, zan cinye zanen in canza musu sauti. Hanya ɗaya ta rage, ita ce ta hannu. Na ƙwala wa matata kira ta jiƙa tsamiya, ta kawo toka da lemun tsami. Na tankaɗe yashi mai laushi da bakin rawanina. Kowa ya ɗauki awarwaro ɗaya da tsumma: ni, da matata daga bayan labule, da Ronke, da Iya, da Baba. A dangwali tsamiya, a dangwali toka da yashi, a murza. Ba magana, sai ƙarar gurza. Baba da ba ya gani sosai sai ya murza ya miƙa wa Iya ya ce, "Ya fito?" Ta ce, "Saura nan," ta kama yatsansa ta ɗora a wurin. Tsoho da tsohuwa, shi da carbi a wuya, ita da zancen koginta, sun haɗa kai a kan ƙarfe guda.

A hankali launin zuma ya fara leƙowa. Wurin da ya ba mu wuya shi ne cikin zanen, don farin ya shige ramin ya zauna. Da tsinken ashana muka riƙa bi muna ƙwaƙulewa. Yatsunmu suka yi jawur, tsamiya tana shiga tana zafi. Aka kira azahar huɗu sun fita sarai. Na biyar, wanda ke hannun Baba, shi ne ya fara wankewa rannan, kuma sau biyu ya tsoma shi don ya tabbata ya kama. Jikinsa ya dawo tagulla, amma cikin igiyar ruwan nan akwai farin layi siriri da ya ƙi tashi.

Sai ga mijin Ronke a kan keke, yana haki, ya ce direba ya ce in ba su zo yanzu ba zai tashi.

Baba ya ce, "A ba ni kaɗan, yanzu shina fita." Yana ta murzawa.

Iya ta miƙa hannu ta zare shi daga yatsunsa a hankali. Ta zura wa Ronke huɗun, ta sa na biyar a nata hannun. Ta kama hannun ɗiyarta ta girgiza tare da nata, zauren ya ɗauki ƙara.

Ta ce, "Bar shi haka, Baba. Wanga ni zan shiga da shi. In Oshun ta tambaye ni farin mene ne, sai in ce mata alherin Katsinawa ne, ya ƙi wankuwa."

Suka tafi. Ronke ta dawo bayan biki ita kaɗai, Iya ta zauna can Oshogbo wurin danginta, ƙafa ta ƙi. Na tambayi Ronke yadda aka yi, ta ce mutane kamar ƙasa, mata sanye da fararen kaya suna ɗibar ruwan kogin a tulu da kwalba, an riƙe Iya hagu da dama har ta shiga ruwa zuwa gwiwa. Ban ƙara tambaya ba, ita ma ba ta ƙara ba.

Abin da ban zata ba shi ne, mata a can sun ji ƙarar awarwaron sun tambayi inda aka yi. Direbobin da ke zuwa kudu suka fara kawo mini saƙo, wannan tana son biyar, waccan tana son goma. Na bi tsofaffin sojoji da masu gwangwan ina neman kwanso. Ban yi arziki ba, amma wuta ba ta sake mutuwa ba, kuma mai walda bai gan ni ba. Tukunyar Baba kuwa, tun daga ranar ba a buɗe ta sai an tambayi mai kaya.

Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce, Ronke shiru ba labarin ciki. Ni dai ban fasa abin da Baba ya sa ni ba, in na yi salla ina sa yarinyar a addu'a. Sai a shekara ta uku matata ta dawo daga unguwa tana rangaɗa guɗa tun daga bakin ƙofa. Ronke ta haifi mace. 'Yan garinsu suka ce kogi ya amsa, Baba ya ce Allah ya amsa, aka ci tuwon suna tare ba wanda ya ja zancen. Labarin cikin ya riski Iya da ranta, amma ba ta ga jaririyar ba, ta rasu saura kaɗan a haihu.

Bayan an yi arba'in Ronke ta yi sallama a zauren nan da goyo. Lokacin Baba ya daina gani gaba ɗaya. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwance bakin zanenta kamar yadda uwarta ta yi, ta fito da awarwaro na biyar.

"Malam, Iya ta bar wasiyya a rage shi daidai hannun jikarta."

Na karɓa na juya shi a haske. Ya sha hannu, ya yi santsi, amma farin layin yana nan cikin zanen. Na ce yanzu ai babu mota da ke jira, in ta ba ni wuni ɗaya zan fitar mata da sauran farin tas.

Ta ce, "A'a, Malam. Ta ce kada a taɓa shi."

Na yanke shi a sanyi, na lanƙwasa a kan ƙotar ƙaramar guduma, ban kai shi kusa da wuta ba. Na sa wa jaririyar, Ronke ta ɗora ta a cinyar Baba. Ya lalubi ɗan hannun, ya bi zanen da farce har ya zagayo. Sannan ya goge ido da bakin riga, ya tofa mata addu'a, ya ce Allah ya jiƙan Iya.